Baba Zai-Shiga da Teburin da Ya Ƙi Hawa Bene

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba Zai-Shiga ya riga ya buɗe rumfarsa da ke gindin benen farko. Shara yake fara yi. Yakan tattara garin katakon jiya ya ɗura a buhu saboda wata mai kiwon kaji, sannan ya jera zarto da guduma da samfefa a kan bencin aikinsa, ya maƙala fensir a bayan kunne, ya zauna da kofin shayi yana fuskantar matakala. Duk wanda ya sauko sai ya gaishe shi, shi kuma sai ya tambayi lafiyar kayansa kafin ta iyalinsa. "Ya ƙafar kujerar nan, ta daina rawa? To, ya yaran?"

A ƙarshen watan nan zai ajiye zarto. Ido ya fara yi masa gardama, layin fensir ɗaya ya koma masa biyu. Ya ce gara ya tsaya da ƙafarsa tun bai yanke wa wani abin da ba a ce ya yanke ba. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi wani abu a kansa yanzu, yana da kunnen da zai ji ya ƙaryata ni.

Ga wanda bai san unguwarmu a da ba, gidajen ƙasa ne masu faɗin tsakar gida, waɗanda suka tsufa tare da masu su. Yara sun girma sun watse, rufi na yoyo, makarantar firamare ta kusa rasa wanda za ta kaɗa wa ƙararrawa. Sai hukumar gidaje ta zo ta rushe layi bayan layi, ta gina benaye masu hawa huɗu, haya mai rahusa, ita ke cike ragowar kuɗin. Rabin ɗakunan aka ba mu, mu da aka tasa. Sauran rabin aka raba ta hanyar ƙuri'a ga mutanen da suka fito daga ko'ina: direbobi, leburori, masu aikin asibiti, mata masu riƙon marayu, har da waɗanda idan suna yi wa 'ya'yansu faɗa ba ma tsintar ko kalma ɗaya, sai dai mu gane faɗan. Masu hali a cikinmu suka tattara suka koma bayan gari. Mu da muka rage muka raɗa wa baƙin suna 'yan ƙuri'a. Su kuma suka riƙa kiranmu masu unguwa, da wani irin ladabi da ya fi zagi ciwo.

Mun kafa kwamitin zaman lafiya, ni ne sakatare. Mun yi taro har kujerun suka san nauyin kowa. Babban abin da muke cimmawa a kowane zama shi ne ranar zama na gaba.

Wanda ya zana benayen nan, Allah ya saka masa da alheri, da alama bai taɓa mallakar gado ba. Kowace matakala tana da wata matsattsiyar kwana a tsakiya, wadda mai tumbi irina sai ya karkace yake wucewa. Kayanmu kuwa kayan tsakar gida ne, gadaje da kabad-kabad na tsohon katako, waɗanda aka yi su don su zauna wuri guda har jikoki. Ranar tarewa sai ka ga magidanci tsaye a kwanar nan, rabin gadonsa a sama rabi a ƙasa, matarsa na ba da umarni daga inda ba ta ganin komai. A nan kafintan unguwa ya samu sunansa. Zai zo ya dubi kayan, ya dubi kwanar, ya sosa ƙeya da fensir, ya ce, "Zai shiga." Tun muna jin haushin kalmar har muka manta sunan da iyayensa suka sa masa.

Kafintoci da yawa za su iya rage gado. Abin da ya bambanta shi, ba ya fara aunawa. Zama yake yi kusa da mai kayan, ya tambaye shi, "Ina ne idan na yanka za ka yi kuka?" Wata ta nuna masa ƙofar kabad mai madubi da ta shigo da ita ɗakin aure. Wani dattijo ya ɗora hannu a kan hannun kujerar da mahaifinsa ya goge da gwiwar hannu har ya yi santsi. Wurin da aka nuna ba ya taɓa shi, sauran kuwa sai abin da matakala ta ce. Ni da ya tambaye ni, na yi ta zagaya gadona ban samu wurin kuka ba, sai ya rage masa taƙi guda a tsawo. Har yau ƙafafuna a waje suke kwana. Mai ɗakina ta ce da ma bakina aka kai masa.

Sharaɗinsa ɗaya ne: ragowar katako nasa ne. Mun ɗauka son banza ne irin na masu sana'a, sai daga baya muka ga inda yake kai shi. Yawancin 'yan ƙuri'a da katifa da buhunan tufafi suka zo, ɗakunansu fayau, magana ma amsa-kuwwa take yi. Sai Baba ya hau da 'yar kujera ko kantar ajiye kwanuka ko ƙaramin teburin karatun yara, ya ajiye. In an tambaye shi abin da za a biya, sai ya ce, "Ba nawa ba ne. Gefen kabad ɗin tsohuwar da ke samanku ne. Ki hau ki yi mata godiya, ki faɗa mata abin da aka yi da shi." Kuma zai bi sawu. Idan mako ya zagayo ba a je ba, zai dawo da guduma a hannu, ya ce ya zo ɗaukar kayan mutane.

Haka aka fara ƙwanƙwasa ƙofofin da kwamitinmu bai taɓa kaiwa gare su ba. Mu kuma masu unguwa, da ba ma iya barin abinmu ya ɓace mana da gani, muka fara sauka duba dukiya. Na taɓa jin wani dattijo a bakin ƙofar wani lebura yana cewa, "Na zo ganin ƙafar gadona ne." Aka shimfiɗa masa tabarma, bai fito ba sai da ya san sunan kowane yaro a ɗakin. Ba kowa abin ya ci ba, gaskiya. Akwai wanda ya maido da kujerar ya ce bai zo birni yin bara ba, akwai wadda aka je yi mata godiya ta amsa ta bayan ƙofa. Baba bai yi wa kowa wa'azi ba. Kujerar da aka maido ya kai wa wani.

Sau ɗaya tak na ji bakinsa ya kasa furta kalmarsa, a kan teburin Gwaggo Mai Ɗinki.

Gwaggo tana layin ƙarshe da za a rushe, daidai fuskar benen farko. Babu macen da ta yi aure a tsohuwar unguwa ba ta tsaya gabanta an gwada ta ba, kuma babu wadda ta fita ba a faɗa mata aibinta ba. Teburin da take yanka yadi a kai falle ɗaya ne na katako mai kauri, mijinta marigayi ya kawo mata shi, faɗinsa ya isa mutum biyu su kwana ba su san da juna ba. An ba ta ɗaki a hawa na ɗaya na benen nan, da sharaɗin da aka gindaya wa kowa: wanda bai tare ba kafin wa'adi, a ba na bayansa. Ɗanta kuma, wanda ya yi gida a bayan gari, ya ce magana ta ƙare, ta zo ya riƙe ta, gidansa na ƙasa ne, tebur zai shiga har da juyi. Idan ta tafi, ta tafi ke nan daga unguwar da aka haife ta, ɗakinta kuma ya zama na wani.

Baba ya je ya zauna kusa da ita kamar yadda ya saba.

"Gwaggo, ina ne idan na yanka za ki yi kuka?"

"Ba ni zan yi kuka ba, kai za ka yi."

"Ko ɗan yatsa huɗu daga gefe?"

"Zai-Shiga, na san ka tun kana yawo ba wando. Ka taɓa teburin nan da zarto, in faɗa wa jama'a sauran labarin."

Ya kwance ƙafafun teburin, aka gwada fallen a tsaye, aka gwada a kwance, aka gwada a karkace. Kwana ta ce ba ta san zancen ba. Kwamiti ya shigo da shawarar a ja shi da igiya ta taga, ni na jagoranci aikin daga ƙasa, inda ya fi aminci. Da tebur ya isa sama sai aka lura tagar ba ta kai rabinsa ba. Muka sauke shi a hankali, yara na yi mana tafi. Baba ya daɗe yana kallon kwanar nan, sannan ya cire fensir daga kunne ya sa a aljihu.

"Sakatare," ya ce min, "ba zai shiga ba."

Na tambaye shi ko in rubuta a rahoton taro. Bai ko dube ni ba.

Abin da ke ransa, kamar yadda ya ba ni labari daga baya, wani ɗaki ne a ƙasan benen, wanda ƙofarsa ke kallon fili kai tsaye, babu matakala babu kwana. Wani direban bas ne a ciki da matarsa, Maman Tagwaye, 'yan ƙuri'a. Ranar da ya kafa musu kantar kwanuka ya ga keken ɗinki a lungu, ya ga matar durƙushe a kan siminti tana yanka kayan makaranta, tana miƙewa tana dafe ƙugu. Matsalar ita ce kowa a unguwa ya san abin da ya shiga tsakaninta da Gwaggo. Ƙwallon tagwayen ta taɓa faɗawa cikin shanyar Gwaggo, ita kuwa ta fito bakin titi ta ce, yadda har hawa na huɗu za a ji, "Ai ƙuri'a ce ta kawo ku, ba tarbiyya ba."

Baba ya je ya same su da yamma, direban ya dawo yana jiƙa ƙafa a roba.

"Baba, matar da ta zagi 'ya'yana?"

"Ita."

"A falon nan da ko ƙafa ba na miƙewa?"

"Kai da kake wuni a zaune a bas, me za ka yi da miƙe ƙafa?"

Direban ya dubi matarsa don ta taya shi. Ita kuwa tambaya ta yi.

"Faɗinsa zai ɗauki yadi a buɗe, ba sai an ninka ba?"

"Har da wurin ajiye almakashi."

Ta naɗe zare a yatsa. "A kawo shi. Amma a faɗa mata, nan ɗakina ne. Duk ranar da za ta shigo, sallama za ta yi, ta jira a amsa."

Ya kai wa Gwaggo saƙon yadda aka ba shi, bai rage masa ko taƙi ba. Ta ce gara ta bi ɗanta, can aƙalla teburinta zai shiga da mutuncinsa.

"Tebur zai shiga," in ji Baba. "Ke ce ban sani ba. Wa za ki gwada a can? Wa zai kawo miki tsegumi da ɗuminsa? Surukarki za ta girmama ki, ta ajiye ki a kujera mai laushi, ki wuni kina kallon katanga."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Bai sake komawa ba, ko da na matsa masa. Ya ce katako ma in ka cika bugunsa tsagewa yake yi.

Ranar da ɗanta ya zo da motar kaya, rabin unguwa ya fito, masu unguwa a gefe guda, 'yan ƙuri'a a kan barandarsu. An loda katifa da tukwane da keken ɗinki. Ƙarti huɗu suka fito da teburin, suka ɗora bakinsa a kan motar. Gwaggo na tsaye da jakar almakashinta, tana kallon layin da babu sauran gida a tsaye sai nata, tana kallon matan da ta yi wa ɗinkin aure, yanzu duk da jikoki a hannu. Baba na rumfarsa yana goga wani katako da samfefa, wanda na tabbata ya riga ya yi santsi tun jiya.

"Ku dakata," in ji ta.

Ta miƙo min jakar, wannan shi ne aikin da na yi a ranar, ta tsallaka fili a hankali har ƙofar direba. Ta tsaya. Mun ga bakinta ya motsa ba mu ji komai ba, na ciki ma ba su ji ba, ko kuma sun ga dama ba su ji ba. Ta gyara tsayuwa ta sake yin sallama, wannan karon da muryar da ta yi zagin da ita.

"Shigo, Gwaggo," aka amsa daga ciki.

Ta leƙa, idonta ya sauka a kan yadin da ke shimfiɗe a ƙasa. "Wa ya koya miki yanka hannun riga haka? 'Ya'yan mutane za ki sa wa wannan?" Ta juyo ta ɗaga wa ƙartin hannu. "Ku kawo shi nan, kafin yarinyar nan ta ƙarasa ɓarnar."

Ɗanta ya yi fushi na wata guda. Direban ya koma cin abinci a bakin gado, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa shi ɗan haya ne a gidan tebur.

Kai ne ka yi wannan, Baba, ko da yake na san za ka ce ƙofa ce ta yi faɗi. Kai ne ka gane cewa mutanen da ba za su zauna taro ɗaya ba za su iya zama a kan katako ɗaya. Ba ka taɓa ce mana mu so juna ba, ka dai bar ƙafar gadon wani a ɗakin wani, ka koma rumfarka ka zuba ido. Gizago ba ka da sauri, amma inda ka sara ya saru. Yau makarantar da ta kusa rufewa sai an yi layi ake shiga, matakalarmu na amsa harsunan da ban san adadinsu ba, kuma in ka ji an ce 'yan ƙuri'a, to tsokana ce tsakanin surukai.

Shekaru sun tafi. Kullum da safe Gwaggo na saukowa daga hawa na ɗaya tana riƙe da ƙarfen matakala, ta tsaya a ƙofar nan ta yi sallama, ta jira. Ba ta taɓa fashin sallamar ba, Maman Tagwaye kuma ba ta taɓa ce mata ta bari ba. Macen cikin tagwayen a gefen teburin ta girma, Gwaggo na kiranta Mai Hannun Hagu tana dukan yatsunta da tef, har ta fi uwarta iya yanka. Bana ta yi aure, ita da mijinta suka samu ɗaki a hawa na huɗu na benen ƙarshe.

Makon jiya Gwaggo ta aika a kira Baba. Na bi shi, don sakatare ba ya rasa dalili. Ta ce ya zo da zarto.

"Gwaggo, ina dab da ajiye aiki. Ba na gani sosai."

"Ni gani nake yi? Sai mu lallaɓa. Yarinyar nan ba za ta durƙusa a siminti kamar uwarta ba. Raba shi biyu."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. "Ina ne idan na yanka za ki yi kuka?"

"Ko'ina. Yanka, in yi abina."

Ta kama hannunsa ta ɗora a tsakiyar teburin, inda almakashi ya yi shekaru yana zana shi. Maman Tagwaye ta riƙe tef, ita ta ja layin. Gwaggo ta cika alkawari, ta yi kukanta tun daga haƙorin zarto na farko har fallen ya rabu, tana yi tana faɗa masa yankan ya karkace.

Tebur biyu na bukatar ƙafa takwas, huɗu ake da su. Baba ya koma rumfa ya kwantar da bencin aikinsa, wanda ya girme ni a shekaru, ya cire masa ƙafafu. Da aka zo hawa da rabin da aka ba amarya, ya tsaya a ƙasa yana kanne ido, ba ya hango kwanar.

"Sakatare, ya ake ciki?"

"Ya wuce, Baba. Ko bango bai taɓa ba."

"Ai na faɗa."

Washegari amarya ta sauko da mijinta har rumfa. Ta ce an koya mata tun tana ƙarama cewa wanda aka ba katako sai ya je ya gode wa mai shi, ta gama da Gwaggo, saura mai ƙafafu. Baba ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya tambaye ta ko teburin na rawa.

Mun gode, Baba Zai-Shiga. Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa idon nan haske, ya sa ka daɗe a bakin matakala kana yi mana tambayar kujeru. Ku kuma da kuke karantawa, ana ta gina irin benayenmu a ko'ina, ana ta zuba mutanen da ba su zaɓi juna ba. Ba sai kun iya riƙe zarto ba. Ku duba abin da ya yi muku yawa a ɗaki, ku hau da shi hawa ɗaya, ku yi sallama ku jira a amsa. Ni ma taƙin da aka rage wa gadona yana ɗakin wata ma'aikaciyar asibiti, 'ya'yanta na ajiye takalma a kai. Jibi zan je in duba shi, an ce ƙaramin ya fara tafiya.